Maganin kamun tramol: daga littafin masana zuwa likitar ƙauye

Yau za mu yi magana a kan wata cuta da kowa ya sani, amma ba kowa ke kiranta cuta ba.

Mu ɗauki misalin wani saurayi a wani ƙauye na arewacin Adar. Lokacin noman farko ne. Tun da asuba yana gonar wani, yana aikin barema. Da rana ta take, sai ya yanke jiki ya faɗi. Jikinsa yana jijjiga, kumfa tana fita daga bakinsa. Abokan aiki suka aza shi bisa amalanken jaki, suka kai shi gidan likita. Majo ya yi masa allura, jijjigar ta tsaya. Aka gwada jininsa, babu masassarar cizon sauro. Aka rubuta a littafi cewa farfaɗiya ce. Da la'asar aka sallame shi. A gida tsofaffi suka ce iska ce, aka nemo hayaƙi da rubutu. Babu wanda ya tambaye shi abin da ya haɗiye da shayin safe. Shi ma bai faɗa ba. Bayan sati uku ya sake faɗuwa, wannan karo kusa da bakin rijiya.

Ba mu ɗora wa majo laifi ba. Rumfa cike take da mata masu goyo, yara suna zazzaɓi, shi kuwa hannunsa biyu ne. Sai dai tambaya ɗaya ce ta rage, kuma masana sun daɗe da sanin amfaninta. Sun san yadda ake yin ta. Sun san abin da ake yi in an samu amsa. Sanin yana nan cikin littattafai a Yamai da ƙasashen waje. Mara lafiya kuwa yana ƙauye.

Mene ne tramol?

Sunansa na asali tramadol. Maganin kashe zafin ciwo ne. A Jamus aka haɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi a 1977. Dangin ƙwayoyi masu ƙarfi ne irin su kodin da mofin. Magani ne na gaskiya. Wanda aka yi wa aiki a asibiti yana bukatarsa. Haka mai karaya, da mai ciwon daji, da mai amosanin jini. Don haka ba maganin ne abokin gaba ba. Shan sa ba bisa ƙa'ida ba shi ne masifa.

Ku da kuka koyi karatu, ku dubi bayan kwalin ƙwaya. Akwai lamba a jiki. Na farmasi yakan zo da lamba 50 ko 100, wato miligiram. Likita ba ya yarda babban mutum ya wuce miligiram 400 a yini guda. Wanda masu talla ke yawo da shi a kasuwanni yakan zo da 120, ko 200, ko 225, har 250. Mu yi lissafi. Ƙwaya biyu masu lamba 225 sun kama 450. Ke nan wanda ya sha biyu ya riga ya tsallake iyaka. Da yawa kuwa ba sa tsayawa a biyu. Idan tramol ya yi yawa a jiki, yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Yana kuma rage numfashi, har mutum ya yi barcin da ba tashi, balle in an haɗa shi da giya, ko kodin, ko ƙwayar barci.

Tun 2013 hukumomin Nijar suka sa tramol cikin magungunan da doka ta tsare. A watan Afrilu na 2018 ƙasar Indiya, inda ake yin mafi yawansa, ta ƙara matse fitar da shi. Sai ƴan kasuwa suka sake dabara. Suka shigo da wata ƙwaya mai kama da shi, wadda aka haɗa da tapentadol da karisoprodol. Ta fi tramol ƙarfi. A Fabrairun 2025 binciken gidan rediyon BBC ya nuna tana yawo a Gana da Nijeriya da Kodibuwar, Indiya kuma ta hana yin ta. Waɗannan ƙasashe kuwa can ne samarin Adar ke zuwa bida. Darasin a fili yake: wanda ya sayi ƙwaya a tire bai san abin da ya haɗiye ba, ko da sunan da ya saba ne aka kira masa.

Abin da masana suka gano

A nan gida ma an yi bincike. A 2012 Dokta Jibo Duma Maiga, likitan ƙwaƙwalwa na babban asibitin Yamai, shi da abokan aikinsa, sun tambayi yara da samari 61 masu kwana a titi. An samu 47 daga cikinsu suna shan tramol. A shekarar nan kuma suka ba da bayanin mutum 8 da suka yi faɗuwar farfaɗiya saboda haɗa tramol da sinadarin kofi. Shekaru fiye da goma ke nan da aka rubuta wannan. Da labarin ya isa kunnen kowane majo, da saurayinmu an tambaye shi tun ranar farko.

Abu na farko da bincike ya tabbatar shi ne, kamun ƙwaya cuta ce. Jiki yana sabawa. Ƙwaya ɗaya da ta ishi mutum bara ba ta isarsa bana. In ya rasa ta yini guda, sai ciwon gaɓoɓi, da zufa, da hamma, da zawo, da rashin barci. Wasu har tsoro yakan kama su, su riƙa ganin abin da ba shi. A wannan matsayi ba daɗi yake nema ba. Gudun ciwo yake yi. Duka da ɗauri ba sa warkar da wannan, kamar yadda ba sa warkar da hawan jini.

Abu na biyu shi ne tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta shirya tambayoyi 8 da ake kira ASSIST. Ana gama su cikin minti 5 zuwa 10. Da su ake rarrabe wanda ya fara taɓawa da wanda ƙwaya ta riga ta kama. Bayan tambaya sai a yi ƴar hira ta mintoci kaɗan, ba zagi, ba wa'azi. An gwada wannan a kan mutum 731 a Ostareliya da Birazil da Indiya da Amurka. Bayan wata 3, waɗanda aka yi wa hirar sun fi sauran rage sha. Amma mu faɗi gaskiya duka. A ɓangaren Amurka ba a ga bambanci ba. A 2014 ma an sake gwaji biyu a can, hirar ba ta yi tasiri ba. Abin da muka ɗauka a nan shi ne, hira ɗaya tana iya taimakon mai farawa. Wanda ya yi nisa kuwa, hira ɗaya ba ta ishe shi ba. Yana bukatar magani da bibiya.

Abu na uku ya fi damunmu, don ya shafi al'adarmu ta ba da takarda. A garin New Haven na Amurka an raba mutum 329 kashi uku. Dukansu masu shan ƙwayoyi dangin mofin ne, da suka zo sashen gaggawa na asibiti. Kashi na farko aka ba su takardar turawa wani wuri. Na biyu aka yi musu hira, aka taimaka musu da turawar. Na uku aka fara ba su magani nan take, mai suna bufrenofin, aka kuma sa musu ranar komowa. Bayan kwana 30 aka duba. Cikin kowane 100 na masu takarda, 37 ne ke kan magani. Na masu hira 45. Na waɗanda aka fara wa magani nan take 78. An buga sakamakon a 2015.

Ba muna cewa gobe bufrenofin zai iso Tamaske ba. Shi da ɗan'uwansa metadon suna cikin jerin muhimman magunguna na OMS tun 2005, amma a Afirka ta Yamma sai a Disamban 2014 aka buɗe cibiya irin wannan a Dakar, a asibitin Fann. Abin lura shi ne takardar. In a ƙasar da ke da mota da kwalta takarda ta zubar da mutum 63 cikin 100, ina ga wanda aka ce masa ya tashi daga Takanamat ko Tebaram ya tafi Tawa? Ina ga wanda aka ce ya tafi Yamai, tafiyar kusan kilomita 550, zuwa ɗakin da jama'a ke kira na mahaukata? Zai naɗe takardar ya sa a aljihu. Ranar kasuwa ya koma wurin mai tire.

Mun taɓa yin irin wannan

A shekarar 2000 wasu masana biyu a Amurka sun lissafa cewa sakamakon bincike yakan yi kimanin shekara 17 kafin ya zama aikin yau da kullum a asibiti. Jinkirin ba dole ba ne, kuma jahar Tawa shaida ce. A watan Maris na 2012 OMS ta yarda da maganin rigakafin masassara da ake ba yara da damina. A 2013 an riga an fara raba shi a Madawa da Buza, da haɗin kan ma'aikatar lafiya da ƙungiyar likitocin MSF. Yanzu kowace uwa ta san shi: yaro daga wata 3 zuwa shekara 5, kwana 3 a jere, kowane wata na damina.

Me ya sa wannan ya yi sauri? An mai da dogon bincike ya zama umurni ɗan gajere, wanda mai karatun yaƙi da jahilci zai iya riƙewa. An horar da ƴan gari. An kawo maganin kafin ruwa ya sauka. An ba da kati, ana kuma zuwa a duba aikin. Maganin kamun ƙwaya ma yana da irin wannan umurni. A 2010 OMS ta fitar da littafin da ake kira mhGAP, ta gyara shi a 2016. Akwai shi da Faransanci. Ba don manyan likitoci aka rubuta shi ba. An rubuta shi don majo da ma'aikacin jinya, kuma akwai babi guda a kan giya da ƙwayoyi. Bambancin shi ne, masassarar yaro ba ta da kunya. Kamun ƙwaya kuwa, gida yana ɓoyewa, mai shi yana ɓoyewa, ma'aikaci ma wani lokaci yana jin nauyin tambaya.

Kowace ƙofa da aikinta

Mai shan tramol ba ya zuwa likita ya ce ga abin da nake sha. Yana zuwa da wani abu dabam: faɗuwa, ciwon ciki, taurin bayan gida, rama, raunin babur. Saboda haka ba ƙofa ɗaya za a tsare ba.

A ƙaramar likitar ƙauye, wadda ake kira kaz da sante, aikin shi ne lura da tambaya. Yadda ake tambayar ma yana da muhimmanci. In aka ce wa saurayi a gaban mahaifinsa, "Kai ɗan ƙwaya ne?" to an rufe bakinsa ke nan. A keɓe shi tukuna. A ce masa, "Samari da yawa masu aikin ƙarfi suna shan wani abu don gajiya. Kai fa, me kake sha? Guda nawa a yini? Yaushe ka sha na ƙarshe?" A tabbatar masa cewa maganar ba za ta fita ɗakin ba. Sirrin mara lafiya amana ce a wuyan ma'aikacin lafiya, kuma gidan likita ba ofishin jandarma ba ne.

A babbar likita ta CSI, nan ne ainihin aikin ya kamata ya zauna, don nan ne ƙafar talaka ke iya kaiwa. Wanda ya saba da ƙwaya da yawa, ba a son ya yanke dare ɗaya. Likita ne zai tsara masa ragewa kaɗan-kaɗan, da magani na farmasi wanda aka san nauyinsa. Ana ba shi na ciwon jiki, da na amai, da ruwan gishiri da sukari saboda zawo. Wahalar tana tsanani a kwanaki biyu ko uku na farko bayan ragewa. Yawanci tana lafawa cikin sati ɗaya zuwa kwana 10, ko da yake rashin barci da kasala suna iya daɗewa. In an faɗa masa wannan tun farko, zai san ciwon yana da iyaka. A sa masa ranar komowa kowane sati. A nemi mutum ɗaya na gida, wanda shi da kansa ya zaɓa, ya riƙa rako shi. A kuma tambaye shi halin zuciyarsa. Sau da yawa akwai baƙin ciki a ƙarƙashin ƙwayar, irin na wanda ya yi shekara uku a Libiya ya komo hannu sake.

In ya koma sha bayan wata biyu, kada a kore shi. Komawa tana cikin halin wannan cuta. Amma a gargaɗe shi da babbar murya: bayan an daina, jiki yana mance sabo. Adadin da yake sha da, yanzu yana iya kashe shi. Wannan gargaɗi ya shafi wanda ya fito daga gidan kaso. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna makonnin farko bayan fita su ne mafi haɗari.

A ɗakin awon ciki ma a yi tambayar. Muna ɗauka abin na maza ne kawai. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cikin kowane mutum 4 masu shan ƙwaya, ɗaya mace ce. Jaririn da uwarsa ke shan tramol yana iya zuwa duniya da sabon ƙwayar, ya yi ta kuka da karkarwa. Mai ciki kada ta yanke da kanta. Ta gaya wa ungozomar asibiti.

Asibitin gunduma, kamar na Keita, da babban asibitin jaha a Tawa, su ne na wanda abin ya fi ƙarfin CSI: mai faɗuwa a kai a kai, wanda hankalinsa ya juya, wanda ke maganar kashe kansa, wanda numfashinsa ya ragu. Akwai allurar da ke farfaɗo da numfashi in irin waɗannan ƙwayoyi sun danne shi, sunanta naloksan. Ya kamata a same ta duk inda ake karɓar gaggawa. Idan turawa ta zama dole, kada takarda ta tafi ita kaɗai. Majo ya buga salula ya sanar da wanda zai karɓa. Wanda ya karɓa kuma, in ya sallami mara lafiya, ya mayar da bayani wurin majo.

Ku kuma na gida, in mutum ya faɗi yana jijjiga, ku kwantar da shi a gefe ɗaya. Ku janye shi daga wuta da ruwa. Kada ku sa masa cokali ko yatsa a baki. Kada ku ɗura masa ruwa ko nono. In jijjigar ta wuce minti 5, ko ya ƙi farkawa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ku ɗauke shi nan take. Ku tafi da kwalin ƙwayar da kuka samu a aljihunsa. Wannan kwali ya fi dogon bayani amfani ga likita.

Maganar gona

Wanda bai taɓa haƙa tassa a kan fako ba zai ce lalaci ne ke sa samari shan ƙwaya. Hekta guda ta tassa tana cin kusan awa 300 ta aikin mutum, kuma da bazara ake yin ta. Ga ɗaukar dutse, ga ban ruwan albasa a fadamu, ga haƙar zinari a Jado tun 2014, ga kabu-kabu a cikin Tawa daga safe har dare. Tramol ba ya ƙara ƙarfi. Yana toshe kunnen mutum ne kada ya ji kukan jikinsa. Mai gonar da ke miƙa wa ƴan barema ƙwaya tare da kuɗin aiki yana cin bashin lafiyar ɗan wani. Wanda ke ba sa ko jaki ma haka ne, dabbar za ta yi aikin kwana uku ta kwanta. Tun 1984 matan Keita suka yi ta jera duwatsu da shuka itace a kan tuddai, cikin wannan rana dai. Mu tuna da gayya, da fita tun asuba, da hutun tsakar rana, da fura da ruwa a gindin itace.

Lokacin fara ragewa ma a zaɓe shi da hankalin manomi. Mutumin da ke tsakiyar noma, aka ce ya kwanta sati guda yana zawo, ba zai yarda ba. A lokacin sai a fara da rage yawa da hana haɗe-haɗe. Tsakanin girbi da tafiya bida akwai ƴan makonni. Hatsi yana rumbu, aiki ya yi sauƙi, samari suna gida. Nan ne ya dace majo da kwamitin lafiya su sa ranar ganawa. Wanda zai tafi, a ba shi kati mai bayanin inda aka tsaya, a karɓi lambar salularsa, a riƙa kiransa ko sau ɗaya a wata.

Kowace CSI tana da kwamitin gudanarwa na ƴan gari, kuma wasunku suna ciki. A zama mai zuwa ku tambayi majo ko an taɓa horar da shi a kan babin ƙwayoyi na littafin mhGAP. Ku tambaya ko akwai naloksan a ma'ajiyar magani. Ku tambayi sunan wanda yake kira a Tawa in ya tura mutum. In amsar ita ce babu, sakataren kwamiti ya rubuta a takarda, ku sa hannu, a kai wa babban likitan gunduma kafin a gama yankan hatsi.